Yarinyar da Ba Ta Bari a Gama Magana

A wani ƙauye kusa da Malumfashi akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Tana da ƙoƙari a karatu, ga ta da fara'a. Amma akwai ta da surutu. Idan wani ya fara magana, ba ta jira ya kai ƙarshe. Sai ta katse shi ta kawo nata labarin.

Babbar ƙawarta ita ce Rashida. Benci ɗaya suke zama. Tare suke komawa gida ta hanyar da ta ratsa gonakin masara. Rashida mai sanyin hali ce, don haka kullum yarinyar ke zuba, ita tana saurare.

Wata Laraba bayan an tashi, Rashida ta kama hannunta. Fuskarta babu walwala.

Ta ce, "Ƙawata, Innata ba ta jin daɗi, kuma Baba ya ce..."

Yarinyar ta katse ta. Ta ce ai ita ma Innarta ta yi zazzaɓi da damina, ta sha magani ta warke. Daga nan ta faɗa labarin akuyarsu da ta haifi 'yan biyu. Rashida ta sake buɗe baki, ba ta samu wuri ba. Da suka iso mararraba sai ta yi mata sallama kawai ta wuce.

Washegari wurin Rashida babu kowa. Ran Juma'a ma haka. Yarinyar ta je ta tambayi malamar ajinsu, Malama Tani.

Malama ta dube ta da mamaki. Ta ce an kwantar da mahaifiyar Rashida a asibiti a Funtua. Rashida ta koma gidan gwaggonta a can, kuma ba a san ranar dawowarta ba. Har Saminu da ke zama a bayansu ya sani, domin shi ya tambayi Rashida abin da ke damunta, ya kuma tsaya ya ji.

Yarinyar ta tuna ranar Laraba. Ta ce, "Malama, ta so ta gaya mini. Ni ce ban bari ba."

Malama Tani ba ta yi mata faɗa ba. Ta zaunar da ita kusa da ita.

Ta ce, "Iya magana kin iya. Abin da ya rage miki shi ne ji. Idan mutum yana magana, ki dube shi, ki bari ya gama. In ya gama, ki tambaye shi wani abu a kan abin da ya faɗa, kafin ki kawo naki."

"Malama, in na kasa fa?"

"Sai ki sake gwadawa."

Tun a hanyar komawa gida yarinyar ta ƙudura a ranta sai ta koya, ko da zai yi mata wuya.

Da yamma ta tarar da kakarta Marka a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ta jawo tabarma ta zauna tana taya ta. Ta roƙe ta ta ba ta labarin lokacin da take yarinya.

Kaka ta fara ba ta labarin yadda suke ɗaukar auduga a ka zuwa kasuwa. Ko nisa ba ta yi ba, yarinyar ta faɗo da zancen gonar audugar su Saminu. Kaka ta bar labarin, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Yarinyar ta gane. Kunya ta kama ta. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Kaka. Daga nan sai me ya faru?"

Kaka ta yi murmushi ta ci gaba. Ta gaya mata ranar da ruwa ya tare su a bakin rafi, suka fake a bukkar wani makiyayi, matarsa ta dama musu fura. Maganganu suka riƙa taso wa yarinyar har maƙogwaro. Ta cije leɓe ta haɗiye su. Da labarin ya ƙare, ta tambayi ko Kaka ta ji tsoro. Kaka ta yi dariya ta ce ƙwarai kuwa, har kuka ta yi. Yarinyar ba ta taɓa jin wannan labari ba, ga shi gida ɗaya suke kwana.

Haka ta yi ta gwadawa. Ta gwada da ƙanenta Manu, mai in'ina idan yana sauri. Ta gwada da 'yan ajinsu. Wani lokaci ta manta ta katse mutum, sai ta ba da haƙuri ta ce ya ƙarasa. Ba ta fasa ba.

Da Innarta ta shirya zuwa dubiya Funtua, yarinyar ta roƙa a tafi da ita. Suka shiga mota da kwanon fura da 'yar jakar gyaɗa.

Bayan sun gaida mara lafiya, suka wuce gidan gwaggon Rashida. Rashida na bakin murhu tana hura wuta. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, ba ta ɗago kai ba.

Yarinyar ta tsuguna kusa da ita. Ta ce, "Ran nan kin so ki gaya mini magana, na hana ki. Ki yafe mini. Yanzu ina jin ki."

Rashida ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Yarinyar ta ji kamar ta cike shi da labari, amma ta daure ta jira.

Can sai Rashida ta fara magana a hankali. Ta ce tana tsoron kada Innarta ta rasu. Ta ce a nan ba ta san kowa ba, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa. Hawaye suka zubo mata. Yarinyar ta riƙe hannunta har ta gama. Sannan ta tambaye ta abin da likita ya ce. Rashida ta share fuska ta ce likita ya ce ana samun sauƙi. Da ta faɗi haka da bakinta, sai ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta.

Kafin su tafi, Rashida ta ce, "To, ba ni labarin makaranta. Yanzu lokacinki ne."

Suka yi dariya tare.

Allah ya ba Innar Rashida lafiya. Bayan an gama girbi suka dawo ƙauye, Rashida ta koma aji. Yarinyar ba ta daina son hira ba, amma yanzu yara da yawa suna neman zama kusa da ita.

Hira ta mutum biyu ce. Wanda yake son mutane su sake da shi, ya saurare su har su gama, sannan ya yi tasa maganar.