Kwabon da Yaya Barau Ya Ɗora wa Allura

An ɗauke wuta tun bayan isha'i, muna zaune a farin wata a tsakar gidan Gwaggo Asabe, ni da ƙanwata Indo. Gwaggo ta riga ta shige ɗaki ta kwanta. Indo ce ta jawo mana maganar. Tana neman abin fasa kwakwa, ta faɗa shagon Yaya Barau, ta fito da wani baƙin dutse mai faɗin tafin hannu, da huji a tsakiyarsa.

Yaya Barau ɗan Gwaggo ne, abokin wasanmu, ko da yake ya ba mu shekara ashirin da ɗoriya. Gyaran rediyo yake yi, kuma bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Ban taɓa ganin ya miƙe da sauri irin na ranar ba. Ya karɓe dutsen daga hannunta, ya goge shi da gefen rigarsa, ya koma ya zauna. Da muka matsa masa da tambaya, sai ya dubi ƙofar ɗakin Gwaggo, ya ce mu matso, mu kuma rage murya.

"Ba labarin jarunta ba ne," in ji shi. "Wadda ta yi dariya, na fasa."

Muka matso.

"Ku ba ku tarar da zamanin garmaho ba. Ina da shekara sha tara nake yawon biki da shi, mai batir, ɗaure a bayan keke. Maigidana Malam Ilu, wanda ya koya min gyara, kullum maganarsa ɗaya ce. Idan rana ta lanƙwasa faifai, a ɗora masa nauyi a tsakiya don ya kwanta. Faifai lafiyayye kuwa ba abin da nauyi zai ƙara masa, sai dai mutum ya yaudari kunnensa. Amma kan allura, ya ce ko ƙuda ne ya sauka a kore shi.

"Ni kuwa ina jinsa ne kawai. A gidan biki samari na taka rawa, ƙasa na motsi, allura ta yi tsalle, sai a yi wa mai garmaho ihu. Don haka nake ajiye kwabo mai huji a aljihu. In na ɗora shi a kan allura, ko tsiya ake yi ba ta motsawa. Yana cinye faifai, na sani. Amma har suna aka sa min, Barau Ba Tsalle, kuma sunan ya shiga kaina.

"Ranar na taso daga wani biki a Tungar Magaji. Aka ce in kwana, na ƙi. Na bi ta hanyar rafi, wadda ta ratsa gindin tsohuwar tsamiyar nan.

"Tun daga nesa gyare suka yi shiru. Gaba ɗaya. Ƙarar sarƙar kekena kawai nake ji. Sai fitilar keken ta rage haske, alhali ban rage gudu ba.

"Tana zaune a kan saiwa. Tsohuwa ce, da ƙunshi a cinyarta. Na yi sallama. Ba ta amsa sallamar ba. Ta ce, mai garmaho, sauke kayanka.

"Muryar ce ta fara tsorata ni. Kun san ƙarar da tsohon faifai ke yi kafin waƙa ta fara? Ƙas, ƙas, ƙas. Haka take fita a ƙarƙashin maganarta. Na haska tocila ƙasa don in kafe keken. Fuskarta tana kallona, amma yatsun ƙafarta suna kallon itaciyar."

Indo ta damƙi hannuna. Yaya Barau bai ko dube mu ba, ya ci gaba yana juya dutsen.

"Na sauke kayan. Me zan yi? Ta kwance ƙunshin, sai ga faifai. Ba takarda a jikinsa, ba suna. Ya lanƙwashe kamar murfin kwanon da aka zauna a kai. Na ce, Baba, wannan ba zai yi ba. Sai ta miƙo min wannan dutsen. Sanyi ƙalau. Ta ce in sa a tsakiya. Na zura shi a ƙarfen tsakiya, faifan ya kwanta lumui.

"Ta ce min shekarun baya wasu mutanen birni sun zo ɗaukar waƙar 'yan mata a dandalin da ke nan gindin tsamiya, kafin gari ya tashi. 'Yarta ta saje da 'yan matan, muryarta ta shiga. Ba a yi damina biyu ba yarinyar ta rasu. Ta ce, mu ma muna tafiya, kamar ku. Ta bi kasuwanni har ta samu faifan. Shi kaɗai ne. Duk shekara takan tare mai garmaho ɗaya ya sa mata.

"Sannan ta ce, allura kuwa, ka bar ta yadda take.

"Na ce to.

"Na saki allura. Tafi ya fara, 'yan mata suna amshi. A cikinsu akwai wata siririyar murya, can sama da sauran. Tsohuwar ta lumshe ido. Tsoron da nake ji har ya fara sakina, don waƙar da daɗi.

"Can wajen tsakiya sai allura ta maƙale. Akwai ƙarzuwa a wurin. Yarinyar ta faɗi kalma ɗaya, allura ta koma baya, ta sake faɗa, ta koma, ta sake faɗa."

Ya tsaya. Ya dubi Indo ya tambaye ta da me take kiran mahaifiyarmu.

"Inna," in ji Indo.

"To, ita. Ita take ta maimaitawa."

Ya ja numfashi.

"Ni abin da kunnena ya ji shi ne garmahona ya maƙale. Nawa, ni Barau Ba Tsalle, a gaban baƙuwa. Wallahi kunya na ji, irin ta gidan biki. Ban dubi fuskarta ba. Da na duba, da na ga murmushi take yi. Idonta a rufe, na sa hannu a aljihu a hankali, na ɗora kwabon.

"Allura ta nutse. Na ji ƙiii, kaɗan. Ta wuce wurin. Wani siririn baƙin zare ya nannaɗo daga bakin allurar. Waƙa ta ci gaba har ƙarshe, ba tsalle. Na zare kwabon na mayar aljihu, har ina jiran a yaba min.

"Ta buɗe ido. Ta ce, ta daina kirana da wuri. Mayar.

"Na mayar. Tafi, amshi, siririyar muryar. Da aka iso wurin, sai shuuu. Allura ta bi ta kan ramin da na haƙa ta wuce. Kalmar babu ita. Na kankare ta.

"Ta ce, mayar. Na mayar. Sau huɗu.

"Sai ta ce, me ka ɗora?

"Na ce, ban ɗora komai ba, Baba. Faifan ne ya tsufa."

Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin Yaya Barau haka ba, har ni ma na kasa kallonsa.

"Wannan ƙaryar ta fi komai cina. Ta miƙo hannu kawai. Kwabon ya yi zafi a aljihuna har ya ƙona min cinya, tabon yana nan. Na ciro na ba ta. Ta juya shi, ta leƙa hujin.

"Ta ce, sauran masu garmahon sukan bar shi ya yi ta maƙalewa har batir ya mutu. Don wurin nake zuwa. Waƙar ba ta dame ni ba.

"Na jira ta shaƙe ni. Na jira ƙasa ta tsage. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta cire dutsen, ta naɗe faifan a ƙunshinsa kamar mai naɗe jariri. Na ce ta yafe min. Na ce zan nemo wani a birni. Ta ce babu wani.

"Sai ta ce, kai faɗa min kalmar. Sau ɗaya.

"Na faɗa. Ta karkata kai tana saurare. Ta ce ba irin muryar ba ce, amma za ta riƙe. Ta buɗe bakin ƙunshin kaɗan, ta rufe, ta ƙulle. Ta tura min dutsen da ƙafa, ta ce ba ta da sauran amfani da shi, in ajiye, ko zan koyi inda ake sa nauyi.

"Ban ga tashinta ba. Gyare kawai na ji sun dawo."

Indo ta tambaya a hankali ko shi ke nan, ba ta yi masa komai ba.

"Na iso gida da asuba," in ji shi. "Gwaggonku tana bakin ƙofa, ba ta runtsa ba. Na buɗe baki in kira ta. Iska ce ta fita. Na sake, iska. Duk wata kalma ta duniya ina faɗa, ban da wannan. An yi min rubutu, an yi min hayaƙi a ɓoye. Yau shekara ashirin da uku."

Sai a lokacin na tuna. Tun da nake, ban taɓa jin ya kira Gwaggo da Inna ba. Sai dai ya ce tsohuwa, ko ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Mu muna ɗauka tsokana ce.

"Ta sani?" na tambaye shi.

Ya girgiza kai. Ya ce ita a zatonta tun da ya fara yawon biki ya ga 'yan birni, ya fi ƙarfin kiranta yadda yake yi yana yaro. Ta taɓa faɗa wa wata maƙwabciya haka, yana ji daga zaure. Ya ce ya fi sau ɗari yana niyyar gaya mata, amma in ya fara sai ya tuna dole ya kai wurin ƙaryar, sai kunya ta hana shi.

"Hanyar rafin nan," ya ce, "kada wadda ta bi ta ita kaɗai, ko da rana tsaka. In kuma wata ta ce ku kira ta da wani suna, ku kama bakinku ku wuce."

Sai muka ji motsi a ɗaki. Gadon ƙarfen Gwaggo ya yi ƙara.

"Barau? Kai ne a nan?"

Na ga bakinsa ya buɗe. Na ga harshensa ya tashi ya taɓa bayan haƙoransa. Ba abin da ya fito.

"Na'am," ya ce. "Ni ne, tsohuwa."

Gwaggo ta ɗan yi jim, kamar mai jiran wani abu, sannan ta ce ya rufe ƙofar gida in zai kwanta.