Ranar da Mama Ta Kore Mana Haske

"Ku buɗe ƙofar nan! Na ce ku buɗe!"

Muryar mahaifiyar Dogo ce, abokin bincikena, wanda zuciyata ta daɗe da zaɓa...

Kafin ya tashi ta banko ƙofar. Teburin na'urori ya girgiza, ɗigon hasken da muka yi watanni muna nema ya watse a allon kwamfuta.

"Wayyo, Mama!" Dogo ya dafe kai.

"Wayyo me? Ashe gaskiya aka faɗa min! Ku biyu a ɗaki mai duhu, ƙofa a rufe, da rana tsaka!"

Na san mai kai gulmar. Gimbiya ce ta ofishin kusa da mu, wadda ta sha kawo wa Dogo abinci yana miƙa wa masu gadi.

Hawaye suka cika min ido, amma na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata baƙin tabarau.

"Mama, saka wannan tukuna, hasken yana lalata ido."

Ta harare ni... ta saka.

"Haske muke kiwo a cikin wannan zaren gilashin," na ce. "Yana zagayawa yana rasa ƙarfi. In muka ƙara masa daidai abin da ya rasa, sai ya dunƙule wuri ɗaya, ya yi ta gudu bai baje ba. Yau-yau muka same shi..."

"Ni na kore shi ke nan?"

"Ke kika kore shi," in ji Dogo.

Ta ja kujera. "To a dawo da shi ina gani."

Na riƙa murɗa maɓallin na'urar a hankali, ina addu'a a zuci. Allon ya yi ta hargitsi... ya yi ta hargitsi... can sai ga shi, siriri, tsaye cak!

"Ga shi nan! 'Yata, ga shi nan!" Mama ta buga teburin don murna.

Ya sake ɓacewa.

Muka kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Tauraruwata," Dogo ya raɗa min, "kin ji me ta kira ki?"

"Ina jin ka, marar kunya," in ji Mama. "Kunna fitila in ga fuskarta da kyau."

Ya kunna. Ta cire tabarau, ta daɗe tana kallona, ni kuwa na sunkuyar da kai.

"Kai Dogo, yarinyar nan ta fi ƙarfinka. Maza mu je gidansu kafin ta farga!"

Na riga na farga tuntuni. Duk da haka na aure shi.