Ina Kuka Koma?

Ku matso kusa. Kai Ilu, rufe bakinka, ba tuwo zan raba ba.

Kun san Shekarau, mai kwana a rumfar kara a bakin dam, wanda kuke ce wa mahaukaci? Lafiyarsa ƙalau. Tela ne a da, har kekuna biyu gare shi. Kamun kifi kuwa sha'awa ce kawai. Ranar hutu sai ya ɗauki fatsa da gwangwanin tana, in ya kama tarwaɗa ma rabarwa yake.

Ƙarƙashin ruwan nan tsohon garinmu ne. Da za a tare kogin, an kwashe mutane, an kwashe awaki, har da turame. Amma ba wanda ya je gindin kukar kasuwa ya yi wa mazaunanta sallama.

Wata shekara ruwa ya ja baya, kan kukar ya leƙo. Shekarau ya tuƙa kwalekwale can da rana tsaka, shi kaɗai, lokacin matarsa Tabawa tana jego. Ya jefa fatsa. Shiru. Ko tsuntsu babu.

Sai ya ji bayan kwalekwalen ya yi nauyi.

Wata tsohuwa ce zaune. Zaninta a bushe, ƙafafunta na ɗigar ruwa. Muryarta kamar ana magana cikin tulu.

"Jikan Nomau, ina kuka koma?"

Nomau kuwa kakan Shekarau ne. Ta ci gaba:

"Mun gaji da sanyi. Kai mu gida. Na ji an yi haihuwa."

Bai san yadda ya kai gaɓa ba. Ya zura da gudu. Da ya waiwaya, ga jiƙaƙƙun sawaye a kan yashi, ba na mutum ɗaya ba. In ya tsaya, su tsaya.

Har ya hango rufin gidansa, yana jiyo kukan jaririyar. Nan ya durƙusa yana hawaye.

"Don Allah ku ɗauke ni, ku bar ta!"

Sawu ɗaya ya ƙara matsowa.

Sai ya juya ya koma bakin ruwa, suka bi shi. Ya yi roƙo, ya sha rubutu, ya gudu garuruwa. Duk inda ya kwana, da safe ƙofar a jiƙe take. Wallahi tausayinsa nake ji. Bara aka aurar da yarinyar, daga rumfarsa ya jiyo guɗa, bai taɓa ɗaukarta ba.

Kada wanda ya je dam shi kaɗai. In kuma baƙo ya tambaye ku hanyar gida a can, ku duba ƙafafunsa tukuna.