Kukar da Ba a Yi wa Sallama ba

Magariba ta kawo jiki, kaji suna shiga akurki, Rekiya tana tuƙa tuwo a tsakar gidansu da ke Dutsin-Ma, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ta yi tsaki, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Na uku kuwa a gaban mijinta Sabitu ya sauka, yana tsugune yana alwala. Ya ɗauka ya juya shi a hannu. Baƙar tsakuwa ce mai kaifi, irin wadda ake zubawa a ƙarƙashin layin dogo, da ɗuminta kamar daga murhu aka ciro ta. Gabansa ya faɗi, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sabitu mai fenti ne, gwanin rubutun allunan shaguna. A shekarar da hukumar jiragen ƙasa ta sake suna da launi, aka ce za a ja sabon layi ta tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, kakarsa ta yanke saƙa. Shi aka ba aikin shafe tsohon suna a kowane allo, ya rubuta sabon da shuɗi da ruwan zinari. Tun daga nan bakinsa ya buɗe, ko shayi zai saya sai ya ambaci "mu ma'aikatan jirgi", alhali bai taɓa shiga jirgin ba.

Babban allon za a kafa shi ne a inda sabuwar tasha za ta zauna, sai dai wata tsohuwar kuka ta tare wurin. Mai unguwa Badamasi ya kira shi ya ce, tun kaka da kakanni ba a sare irin wannan itace sai an yi wa masu gida, aljanun da ke cikinta, sallama: kwana uku, safe da yamma, mutum ya tsaya a gindinta ya ce su kwashe iyalinsu. Da yake gonar mahaifin Sabitu ce ta yi iyaka da kukar, shi aka ɗora wa. Ya ce to. Kashegari aka aiko cewa an matso da ranar buɗe allo, manyan baƙi na tafe jibi. Direban katafila ya leƙo ya tambaye shi, "An yi sallamar?" Sabitu ya dubi gwangwanayen fentinsa, ya ce an yi. Ko sau ɗaya bai je ba. A ranar katafila ta tumɓuke kukar.

Kwana bakwai ana jifa, kullum daga kiran magariba zuwa isha. Rannan suka ji ana daka a bayan ɗaki, suka leƙa babu kowa. Wata rana muryar mace ce ta riƙa kiran wani suna a hankali, irin kiran uwa mai neman ɗanta. Rekiya ta rame. Sabitu kuwa ya kulle bakinsa, tsoro yana cinsa, kunya ta hana shi faɗi.

'Ya ɗaya Allah Ya ba su, Mardiya, shekarunta goma sha uku. Duk unguwar an san ta da ubanta. Ba ta cin tuwo sai ya dawo, shi ma ko tsire ɗaya ya samu a aljihu yake kawo mata. A rana ta takwas ta fita ɗauko tabarma da almuru, sai suka ji ta yi shiru. Suka same ta a tsaye ta kafe, idanunta a juye. Da Sabitu ya taɓa kafaɗarta, ta watsar da shi har ya bugu da bango, ta ce da wata tsohuwar murya, "Kada ka taɓa ta kai da ka sa aka rushe gidana."

Daga ranar ba ta ci ba, ba ta sha ba. Aka kai ta asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Kwana huɗu ta zama kamar kara. A nan ne Sabitu ya hau babur zuwa Wurma, ya ɗauko Malam Ilu, dattijo mai ƙarancin magana wanda aka sani da wannan aiki.

Rana tana faɗuwa suka iso. Malam ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma, ya yi hayaƙin habbatussauda, ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, ko akuya ba ta motsa ba. Ya daɗe yana yi kafin jikin Mardiya ya soma rawa, ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa kamar tsohuwa.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ni ma musulma ce."

"In musulma ce ke, mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Tambayi wanga." Yatsar yarinyar ta nuna Sabitu. "Shekara ɗari uku muna cikin kukar nan. Kakanshi ya sha inuwarmu, ba mu taɓa ko akuyarshi ba. Kwana uku kaɗai ake ba mu, shi ya hana mu. Na tafi ɗibar ruwa, na bar ɗana shina barci cikin kogo. Na dawo na iske ƙarfe ya bi ta kanshi, an kafa allo mai walƙiya a wurin."

Malam ya juyo. "Sabitu, ka yi sallamar?"

Sabitu ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. "Ban yi ba, Malam."

Rekiya ta ɗora hannu a ka, ta dubi mijinta ta ce, "Innalillahi. Maigida, ashe kai ka jawo muna?"

Aljanar ta ce rai a bakin rai take so. Malam Ilu ya ce yarinya ba ta sare itace ba, kuma babu mai ɗaukar laifin wani. Ya yi mata tayin rago, ta yi dariya. Ya ce a dasa mata wata kukar a killace, ta ce ai kuka ba ta haihuwar ɗa. Ya koma karatu da ƙarfi, aljanar tana ihu, amma jikin Mardiya ne ke sandarewa, har jini ya fara fita ta hancinta. Malam ya tsaya. Ya gane in ya matsa, yarinyar za ta riga aljanar fita.

"Faɗi abin da za ki karɓa wanda ba rai ba," in ji shi.

Aljanar ta ce, "Zan bar mata ranta da hankalinta. Uwarta ba ta yi mani komi ba, na bar mata ɗiyarta. Amma shi gwanin shafe suna ne, to ni ma zan shafe nashi daga zuciyarta. Ya rayu shina kallon ɗiya, ba shi da ɗiya. Ya ɗanɗana."

"Wannan zalunci ne," Malam ya ce.

"Shi zai zaɓa. Numfashinta ya kusa ƙarewa."

Sabitu ya durƙusa. Ya kalli ƙirjin 'yarsa yana ɗagawa da ƙyar, baƙin ciki ya turnuƙe shi, don ya san babu wanda ya yi masa sai harshensa. Ya ce, "Na yarda. Ki bar ta ta rayu."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Mardiya ta yi atishawa sau uku, ta zube. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gida ta fice ta zaure, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

Can yarinyar ta buɗe ido. "Umma, ƙishirwa nike ji." Rekiya ta rungume ta tana kuka. Sabitu ya ruga ya ɗebo ruwa a randa, ya durƙusa ya miƙa mata, yana kiran sunanta. Mardiya ta dube shi sama da ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe kanta, ta maƙale a jikin uwarta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Umma, wane ne wanga mutumin? Ki ce ya fita, mata ne a gidan."