Baƙin Da Take Roƙo

A bakin ƙofar ɗakin MRI, na'urar hoton cikin jiki, mai ɗaukar hoton ya tare ta, ya miƙo mata ƙaramin kwando. Sai da ta zuba 'yan kunne da makulli da fil ɗin mayafinta, sannan ya nuna kwalaben da ke hannunta.

"Wannan baƙin ruwan fa, malama?"

Murya ƙasa-ƙasa ta ce ƙarfe ne. Ƙwayoyin tsatsa ne da ido ba ya gani, a ɗakin gwaji na jami'a take haɗa su, ta zo a auna yadda suke duhunta hoto. Ya yi dariya, ya ce aikinsa ke nan korar ƙarfe daga ɗakin saboda maganaɗisun na'urar, yau ga shi ya zo da sallama. Tun ranar ta zama 'Yar Ƙarfe.

Soyayyar a waya ta fi ƙarfi, don a gabansa bakinta mutuwa yake.

"'Yar Ƙarfena, na'ura na ta ƙara, ni kuwa shirunki nake ji. Kin ci abinci?"

Da magana ta kai gida, Abba ya yi bincike, ya dawo fuska ba walwala. Ciwon hanta ne ya yi ajalin mahaifin yaron, shi ne kuma ya ɗauke yayansa, ya bar mace da goyo. Ya ce ba zai haɗa wa 'yarsa aure da takaba ba, alhali ga ɗan amininsa nan, lafiyayye kamar doki. Umma ta bi ta da kallon tausayi.

Mai ɗaukar hoton ya ce a duba shi kowa ya huta. Ba a huta ba. Gwajin farko ya nuna tabo a hantarsa, kamar ƙwayar gyaɗa. Likita ta ce sai MRI, da allurar ƙwayoyin ƙarfe irin waɗanda aka amince a yi wa mutane.

Ita ta fi kowa sanin abin da za a nema. Lafiyayyar hanta takan haɗiye ƙarfen ta yi baƙi a hoto. Mugun ƙari ba ya haɗiya, sai ya tsaya fari tas a tsakiyar duhu.

"Idan fari ya fito, ki bi maganar Abba," ya rubuto mata. "Ban yarda ki fara aure da jinya ba."

"Ba a tambaye ka ba," ta mayar.

Abba da kansa ya zo, ya ce gani ya kori ji. Ta tagar gilashi tafin ƙafafun saurayin kawai take hangowa, yana kwance cikin na'urar da ya saba saka wasu. Bugun na'urar da take ji kullum ba ta damu ba, yau a ƙirjinta yake sauka.

Da likita ta kira su ta juyo musu da allon kwamfuta, Abba ya ga hanta baƙi ƙirin. Ya yi salati, ya kama hannun 'yarsa.

"Tashi mu tafi. Ai ta riga ta ƙone."

Ba ta motsa ba. Da yatsa take bin hoton, tana neman inda tabon yake. Ta neme shi sama da ƙasa. Shi ma ya yi duhu.

"Abba," ta ce, hawaye na zuba, "baƙin nake roƙo."

Likita ta ce naman hanta ne, ya sha ƙarfe kamar sauran. Amma da irin tarihin gidansu dole a riƙa duba shi duk shekara, kuma ba wanda zai yi musu alkawarin gobe.

Abba ya daɗe yana kallon allon. Ya juyo ya ga 'yarsa ba ta saki kwandon da ke ɗauke da agogon yaron ba.

Bayan ɗaurin aure Abba ya riƙe hannun ango bai yi saurin saki ba.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da tsawon rai, ya raba ku da farin tabo. Ranar dubawa kuma ni zan zo in ɗauke ka, don ban yarda da kai ba."

Daga bayan labule amarya ta ce amin, a karon farko da ƙarfi.