Ranar da Ƙasa ta Haɗiye Settimio

Ku yi haƙuri da ƙarfin halina, ni dai karatu na sani, ban taɓa rubutu ba. Labarin maƙwabciyata Oriana ne ya hana ni sakat.

"Jikan masu tonon kaburbura? A gidana?"

Settimio ya doki tebur har kofuna suka yi tsalle. Oriana, 'yarsa tilo, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan burodin da take yankawa.

"Baba, Lapo bai taɓa..."

"A jini abin yake, yarinya."

Duk ƙauyen an san kakan Lapo, saurayin da ke neman auren Oriana. Da dogon ƙarfe yake bin tuddai yana caka ƙasa, in ya ji kogo ya san kabarin Etruskawa ne, mutanen dā waɗanda suka fara dasa inabi a nan, sai ya kwashe tukwanensu ya sayar wa baƙi. Shi Lapo noma kawai ya sani. Amma Corrado, mai gidan matsar inabi, wanda Oriana ta ƙi aurensa, ya raɗa wa Settimio cewa ba 'yarsa yaron yake so ba, abin da ke ƙarƙashin gonarsa yake hari.

Gab da yankan inabi aka yi kwanaki ana ruwa. Ranar da aka ɗauke, Settimio ya fita duba gona, har taliyar rana ta huce bai dawo ba. Mutane suka bazu suna kiransa, shiru. Hularsa kawai aka tsinta a gindin tudu, inda laka ta zaftaro.

Oriana ta ruga wurin Lapo, ko takalmi babu.

"Ƙarfen kakanka... yana nan?"

Ya dube ta. "In na fito da shi gaban jama'a, zuciyata, na zama abin da suke faɗa ke nan."

"Babana ne, Lapo."

Ya ciro shi daga rufin rumbu, duk tsatsa. Corrado ya yi dariya, ya ce ai ga ɓarawo da kayan aikinsa. Lapo yana caka yana kasa kunne, yadda ya ga ana yi yana ƙarami, har ƙarfen ya zurma babu tirjiya. Sai ga shi yana motsi a hannunsa.

Wani ne yake ja daga ƙasa.

Da hannu suka tone. Rufin wani kabari ne ya rufta da tsohon, laka ta toshe bakin. Suka fito da shi ƙafa a karye, Oriana ta rungume shi tana kuka tana gode wa Allah.

Lapo kuwa ya fara juye aljihunansa, don kowa ya shaida bai ɗauki komai daga kabarin ba.

"Bar wannan," in ji Settimio. Ya ce a bangon can ƙasa akwai zanen miji da mata a kishingiɗe wuri ɗaya, ya gan su kafin haske ya ɗauke, kuma su ya yi ta tunani a cikin duhu. Sannan ya kamo hannun 'yarsa ya ɗora a kan na yaron, da laka da komai.

"Ɗauke ni, ɗana. A hankali, ba buhun dankali ba ne."

Bayan yankan inabi aka yi bikin. Ina can ƙarshen tebur, da aka tashi rawa na sulale ta bayan kuringar inabi.