Kunnen Yaya

Rana na shirin faɗuwa Yaya ya miƙa wa Auta makulli, ya ce ya je ɗakin da yake gwaji ya ɗauko masa jitarsa. Washegari da safe Yaya zai shiga situdiyo a naɗi kiɗansa, karo na farko bayan shekara tara yana kaɗawa a otal-otal, masu cin abinci ba sa ko ɗaga kai.

"Ɗauko kawai na ce. Kada ka taɓa mata kunne."

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Kunne suke kiran 'yan ƙarafan nan shida da ke kan jita, waɗanda ake murɗawa tsirkiya ta ɗaure ko ta saki. Auta kuwa, mai shekara ashirin da biyar, babu wanda bai ɗanɗana tsiyarsa ba a layinsu. Shi ya ɗinke wa tela ƙafar wandonsa da keken telan. Shi ya zuba wa mai aski gishiri a shayi, ya zauna yana taya shi zagin mai shayin. Kuma tun suna yara, in aka ritsa shi, amsarsa ɗaya ce: Yaya ne. Bulalar da Yaya ya sha a madadinsa ba ta ƙirguwa.

Ɗakin yana saman shagon wani kafinta da ya riga ya tashi daga aiki. Matakala sha huɗu, duk suna ƙara. Ciki warin ƙurar katako da tsohon kafet, bango an lulluɓe shi da kwalin ƙwai don kada sauti ya fita. Kusa da taga akwai takardar da Yaya ya yi watanni yana cikawa da sabbin saitin da yake gwadawa: sassauta wannan tsirkiya, ɗaure waccan, har sautuka su riƙa karo da juna suna sa haƙori tsami. Na ƙarshen an soke shi da jan biro sau uku. A gefe an rubuta: A'a.

Auta ya yi murmushi. Zai saita ta haka, ya kai gida. Yaya ya kaɗa a gaban Umma, jita ta yi kukan kyanwar da aka take wa wutsiya. A sha dariya, Yaya ya gyara abarsa cikin minti biyu. Wa aka cuta?

Ya zauna ya fara murɗa. Babbar tsirkiya ya sake ta har tana lilo. Ta uku ya ɗaure ta sai da itacen ya yi ƙara. Ya bi takardar layi-layi, sannan ya ja yatsa a kansu duka.

Sauti biyu suka ƙi haɗuwa. Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, suna kaɗawa a tsakani kamar numfashin mai barci.

Ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu.

Numfashin bai tsaya ba.

Ƙwan lantarki ya rage haske ya koma ja. Warin katako ya ɓace, wani ya maye gurbinsa, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa. Kujerar da ke kusurwa ta yi ƙara, ƙarar da kujera ke yi in an zauna mata.

Auta ya so ya tashi. Ƙafafunsa suka ƙi.

Hannunsa na hagu yana kan kunnen jitar. Wani abu mai sanyi ya sauka a kan yatsunsa, ya murɗa tare da shi. Kaɗan. Tsirkiyar ta yi nishi.

Aka ja numfashi dab da gefen fuskarsa.

"Kun kira, mun zo," aka ce a hankali. "Kunnen nan na wane ne?"

Bai yi tunani ba. Bakinsa ya riga shi, yadda ya saba.

"Na Yaya ne."



"To," aka ce.

Sanyin ya sake shi. Ƙofa ta buɗe da kanta.

Bai san yadda ya sauka ba. Ya dai tsinci kansa a titi, gwiwa na jini, jita a ƙirji, takalmi ɗaya.

Ya tarar da Yaya a tsakar gida, ya karkata kai, yatsa a kunne.

"Auta, kana jin wani abu? Kamar ana numfashi."

"Ban ji komai ba."

Yaya ya karɓi jitar ya ja yatsa a kanta. Umma da ke ninke kaya ta saki rigar hannunta ta toshe kunnuwa. Shi kuwa Yaya fuskarsa ta washe.

"Yauwa, ƙanena. Yau dai ka ji magana. Daidai take, ba ka taɓa ta ba."

A situdiyo kwata ɗin awa suka ba shi, suka sallame shi cikin ladabi. Likita ya leƙa, ya gwada, ya ce kunnuwan lafiyarsu ƙalau. Magana yana ji, har faɗuwar cokali a kicin yana ji. Amma duk jitar da ya ɗauka, can yake kai ta, ga saitin da ya soke da jan biro, kuma ya rantse daidai take. Otal-otal suka daina kira. Yanzu fenti yake shafa wa kujeru a shagon kafintan. Bai taɓa zargin kowa ba. Cewa yake gajiya ce, za ta wuce.

Tela da mai aski sun huta, har suna tambaya ko Auta ba shi da lafiya. Kullum in rana za ta faɗi sai ya hau matakalar nan sha huɗu, ya tsaya a ɗakin da babu kowa, ya kama kunnensa da yatsu biyu.

"Ƙarya na yi. Nawa ne. Ku ɗauka, ku mayar masa da nasa."

Wata bakwai yana haka, ko kujera ba ta motsa ba. Sai ran nan warin rijiya ya taso, aka yi 'yar dariya a gefen fuskarsa.

"Me za mu yi da kunnen da ba ya jin magana?"